Hoton Yarinya da Cokali a Baki

Duk shekara idan aka dawo daga dogon hutu sai na yi faɗa a makaranta. Abokan aikina sun saba, har sukan ce wai da muryata ake gane an shiga sabuwar shekarar karatu, ba da ƙararrawa ba. Bana ma sai da na yi. Abincin ciyar da ɗalibai ya dawo bayan an daɗe ba a ga ƙeyarsa ba, yara sun zauna da kwanukansu, sai ga wani sabon malami ya zaro waya zai ɗauke su bidiyo. Na ce ya mayar da ita aljihu tun muna mu biyu. Ya ce ai don a nuna wa duniya ne cewa ana aiki. Na ce duniyar ta tako da ƙafarta ta zo ta gani, in ta iso kuma ta juya baya har yaran su gama ci. Ya tafi yana gunaguni, wai tsohuwar nan ta cika fitina. Bai yi ƙarya ba. Sai dai ba a Yolde Kohi na koyi wannan fitinar ba, da ita aka turo ni nan daga Jimeta.

A shekarun da mutane suka yi ta kwararowa daga arewacin jihar nan da kudancin Borno saboda 'yan tada ƙayar bayan da ake ce wa yaran daji, ina koyar da aji huɗu a wata firamare da ke bayan Shagari Low Cost. Da muka dawo hutu a wannan shekarar, ajina ya ninka. Bencin mutum uku ya ɗauki biyar, wasu a ƙasa, wasu a bakin taga. Akwai yaran da ba sa yarda su zauna sai kusa da ƙofa, kuma ba sa cire takalmi ko da ƙafa ta kumbura. Ban tambaye su dalili ba, su ma ba su faɗa ba.

Sai wata ƙungiyar agaji ta ce za ta riƙa ciyar da ɗalibai sau ɗaya a rana. Ta kuma ce duk ɗan gudun hijirar da ke zuwa makaranta ba fashi, iyayensa za su karɓi garin masara da man girki a ƙarshen wata. Girkin aka ba wata mata 'yar ƙabilar Ibo da ke da shagon abinci a kasuwar Jimeta, kowa Madam yake ce mata. A gindin dogon-yaro ta kafa murhunta, da tukwane irin na biki. Shinkafa da wake ne mafi yawa, wata rana dafa-duka, ranar da aka yi sa'a kuma da ƙwai. Madam ba ta san tausayi ba wajen barkono. Na yi mata magana, ta ce, “Malama, abinci da ba ya sa hawaye, wannan ba abinci ba ne.” Yaran kuwa suna ci suna jan majina suna neman ƙari.

Dokar ƙungiyar guda ce, kuma an nanata mana ita har ta ishe mu: a ci a cikin aji, a kan benci, a gaban malami, ba a fita da ko loma ɗaya. Suna tsoron kada abincin yara ya koma cikin manya, ko ya ɓulla a kasuwa. Sun ajiye mana wani saurayi mai riga mai aljihuna da yawa, da kyamara a wuya, yana bi aji-aji yana duba wanda ya ci da wanda bai ci ba. Yaro ne mai ladabi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Yana gaisuwa har da rusunawa. Matsalarsa ɗaya, ya ɗauka duk abin da bai karanta a takardun ofishinsu ba to babu shi a duniya.

A cikin sababbin ɗalibaina akwai wata siririyar yarinya, ba za ta wuce shekara goma ba. Iyayenta Fulanin daji ne daga kudancin Borno. Hausarta 'yar kaɗan ce, amma in na rubuta lissafi a allo, kafin in juyo ta gama. Ranar farko da aka raba abinci ta karɓi farantinta da hannu biyu, ta ɗora a cinya, ta ja gefen hijabinta ta rufe, ta zuba wa allo ido. Yara suka cinye, aka zo tattara faranti, ta miƙa nata yadda aka ba ta. Washegari ma haka. Na ga maƙogwaronta yana motsi lokacin da ta kusa da ita ke cusa loma, amma hannunta bai matsa ba.

Ni a Yola Gari aka haife ni, a irin gidajen nan da sai ka ratsa zaure uku kafin ka ga tsakar gida. Kakata in ta kama ɗayanmu tana tauna ko gyaɗa a bakin ƙofa, sai ta murɗe mata kunne ba tare da ta daina jan carbi ba. Ba a ci a gaban baƙo. Ba a ci a gaban babba. Ba a cewa ana jin yunwa, ko da hanji na kiran sallah. In an tambaye ka, ka ƙoshi. Semteende muke ce wa wannan, kunya ke nan, amma kunyar da mutum ke tinƙaho da ita. Mu na gari mun sassauta, na sha ganin 'ya'yan yayyena a tsaye gaban mai tsire baki duk ƙuli-ƙuli. Na daji kuwa suna nan a kai. Wanda aka raba da komai nasa kuma, da hannu biyu yake riƙe ta.

Saurayin ƙungiya ya lura da farantin da ke komawa a cike. Ya same ni da damuwa a fuska, ya ce yana ganin yarinyar nan ta ga abin firgici ne a hanya, shi ya sa ba ta iya ci, zai tura sunanta wurin masu duba ƙwaƙwalwa.

Na ce, “Ƙwaƙwalwarta ta fi tawa da taka. Ba ta da ciwo, tarbiyya gare ta. Ba za ta ci a gabanka ba, ba za ta ci a gabana ba.”

Ya yi murmushin da ake yi wa tsofaffi, ya ce, “Malama, ai yunwa ba ta san al'ada ba.”

Na ce to ya jira ya gani.

Akwai wani ɗan ɗaki a jikin ajina da muke kira sito, inda ake jibge karyayyun benci da tsintsiya da kwalin alli. Taga ɗaya gare shi, ba gilashi, ba murfi. Da aka sake raba abinci, na kira yarinyar da Fulatanci na ce ta kai mini wannan farantin sito, ta jira ni a can, kada ta fito sai na kira ta. Ta dube ni, na dubi allo. Ban kira ta ba sai da aka kusa komawa darasi. Ta fito da faranti a wanke tas, da wata 'yar baƙar leda a ƙulle a cikin hijabi. Na san rabi ta ci, rabi na ƙannenta ne da ke gida. Doka ta ce ba a fita da loma. Ni dai ban ga loma ba, leda na gani, kuma ba a ɗauke ni aikin binciken leda ba.

Haka muka ci gaba. Ta fara murmurewa, ta daina gyangyaɗi bayan tara. Har ta fara ɗaga hannu tana gyara wa yaran gari amsa da karyayyiyar Hausarta, suna dariya tana dariya. Na yi farin ciki da ita ƙwarai, irin farin cikin da malami kan samu jefi-jefi ya riƙe shi ya yi shekaru yana aiki da shi.

Sai aka ce manyan ƙungiyar za su zo daga nesa a yi bikin ƙaddamar da shirin. Aka share fili, aka yi wa duwatsu farar ƙasa, aka kafa rumfuna. Da safen ranar na sauko daga Keke a bakin get, na ɗaga kai, sai na tsaya cak. An rataya wani ƙaton ƙyallen roba daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, irin na 'yan siyasa lokacin zaɓe. Fuskar yarinyar ce a kai, girmanta ya kai ƙofar ɗaki. Tana zaune a kan karyayyen benci, ido a ƙasa, cokali a cikin baki, da ƙwayar shinkafa ɗaya a leɓenta. Hasken taga ya zubo mata a kumatu. A ƙasa an rubuta da Turanci wai yanzu yunwa ba za ta hana ta karatu ba. Ta tagar sito ya leƙa ya ɗauke ta, ba ta sani ba.

Hoton ya yi kyau, wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Baƙi suka zo suka tsaya a ƙarƙashinsa suna tafi, ana ɗaukarsu su ma. Aka ce a kawo yarinyar ta gaisa da su. Aka duba aji, aka duba layi, ba ta nan. Wata ɗaliba ta ce ta gan ta da safe, ta zo har kwana, ta tsaya, ta juya da gudu.

Mahaifinta kiwo yake yi wa wani mahauci, kullum da safe ta gaban makarantar yake bi da shanu zuwa bakin kogi. Daga baya na ji yadda aka yi. Mai shayin da ke tsallaken titi ne ya ɗaga murya a gaban masu karin kumallo, da zuciya ɗaya, ya ce, “Bappa, barka! 'Yarka ta zama tauraruwa, ga ta can tana kwasar shinkafa!” Mutane suka juya suna kallon ƙyallen suna kallonsa. Aka ce ya dai kora shanun ya wuce.

Kwanaki suka yi ta tafiya, wurin zamanta a benci wani ya matsa ya cike. Sai na nemi inda suke. Wani kango ne a can bayan Shagari, ginin da mai shi ya kai linta kuɗi suka ƙare. Sun rufe ɗaki ɗaya da tsofaffin buhuna. Na yi sallama, muka yi jam, jam, har gaisuwa ta ƙare. Uwar ta kawo mini ruwa a kofi, tana ba ni haƙuri wai babu nono. Yarinyar ban gan ta ba, amma na ga ƙafafunta ta ƙasan buhun da ke ƙofa.

Uban dogo ne, yana zaune a tabarma da sandarsa a gefe. Na ce na zo ne a kan karatun yarinyar. Na tuna masa kuma, a kaikaice yadda ya dace, cewa ƙarshen wata ya kusa, in ba ta zuwa babu rabon iyali. Da Fulatanci muka yi magana, kuma bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya.

Ya ce, “Malama, ina tsaye aka kore garkena, ban yi kuka ba. Na kwana a daji da iyali, ba wanda ya ji bakina. Na ce Wanda ya bayar shi ya karɓa. Na ɗauka an gama kwashewa. Ban san akwai saura ba sai da na ga bakin 'yata a buɗe a kan titi, an rubuta a ƙasa wai gidana ana yunwa.”

Na ce, “Bappa, ba da sanina aka yi ba.”

Ya ce, “Na sani. Ke kin san gida. Amma garin masararsu su riƙe abinsu.”

Daga nan ofishin hedimasta na nufa da safe. Shi Babarbare ne, iyayensa tun da daɗewa suka zo fatauci Jimeta suka zauna. Tsakanin Fulani da Barebari kuwa akwai wasa, don haka abin da nake faɗa masa, wani malami in ya faɗa sai ya kwana a gida. Shi yana ce mini baiwarsa, ni ina ce masa bawana, haka muka yi shekaru.

Na ce, “Bawana, ka tashi ka sa a sauke wancan abin kunyar.”

Ya yi dariya ya ce, “Ku Fulani da iyayi. Kuna mutuwa da yunwa kuna cewa kun ƙoshi. Wa ya ce cin abinci laifi ne? Ni da za su saka nawa hoton da cinyar kaza a hannu, da na gode.”

“Ai kai ko a kan kabari aka ajiye maka tuwo za ka ci. Yarinyar ta bar makaranta.”

Sai dariyar ta tsaya. Ya cire hula ya shafa kai. Ya ce ƙyallen ba na makaranta ba ne, na ƙungiya ne, kuma sun ce a bar shi har ƙarshen zango saboda wasu baƙin na tafe. Ya ce in duba ta taga in ga yawan bakin da ke ci daga tukunyar Madam. In muka ɓata wa masu abin rai suka ɗauke tukunyar suka kai wata makarantar, wa zai amsa? Saboda yarinya ɗaya? Maganarsa akwai gaskiya a ciki, na sani, kuma tsoro ne ya sa shi faɗa, ba mugunta ba. Amma ni a lokacin ba gaskiyarsa nake nema ba. Na ce masa yau babu wasa tsakaninmu, na fita.

Na tare saurayin ƙungiya a gindin dogon-yaro. Na tambaye shi wa ya ba shi izinin leƙa taga. Ya ce makaranta ta sa hannu tun farko cewa za a iya ɗaukar hoto. Na ce makaranta ce ta haifi yarinyar? Ya ce shi bai yi don cutarwa ba, ya ga haske ya yi kyau ne, ya ga tana ci da nutsuwa, ya ji daɗi don ya daɗe yana damuwa da ita. Ya ce hoton nan ya taɓa zuciyar mutane a wurare masu nisa, da irinsa ake samo kuɗin shinkafar. Ya ce ya kamata iyayen su yi alfahari.

Na ce, “Ɗana, in na leƙa ta tagar banɗakin gidanku na ɗauki mahaifiyarka, na rataya a bakin kasuwa saboda haske ya yi kyau, za ka yi alfahari?”

Fuskarsa ta canza, ya ce ai ba ɗaya ba ne.

Na ce, “A wurinka.”

Na ba su kwana biyu, ko wani zai ji kunya ya sauke. Ba wanda ya taɓa. Rana ta uku, ana tsakiyar rabon abinci, na je wurin Madam na ce ta ara mini wuƙa. Ta dube ni, ta dubi get, ta goge hannu a zani.

“Malama, wannan wuƙa na nama ne o, yana da kaifi. Ni ban gani komai ba.”

Na ɗauki wuƙar, na sa yara biyu suka jawo mini benci zuwa bakin get. Na ɗora ƙafa sai bencin ya yi rawa. Ban ankara ba sai na ji an danne shi. Madam ce, ta bar tukunyarta a buɗe.

“Abeg hau, ni zan riƙe. In kin faɗi ka karye, wa zai koya wa pikin ɗina lissafi?”

Na hau, da jikina da shekaruna, zani na neman kwancewa. Igiya huɗu ce. Na yanke na sama biyu, ƙyallen ya rufto mini a ka, yara suka saka ihu. Hedimasta ya fito baranda yana kiran “Malama! Malama!” amma bai sauko ba. Mai shayi da mutanensa suka miƙe tsaye. Saurayin ƙungiya ya ɗaga kyamara, ya yi tunani, ya sauke. Na yanke na ƙasa, na shimfiɗa ƙyallen a ƙasa, na naɗe shi fuskar tana ciki. Zuciyata wasai, na daɗe ban ji daɗin wani aiki kamar wannan ba. Na mayar wa Madam wuƙarta na ce na gode, ta ce wace wuƙa?

Ba a ɗauke tukunyar ba. Abin da hedimasta ke tsoro bai faru ba, ƙungiyar ta buga wani ƙyallen ne kawai, wannan karon da hoton Madam riƙe da ludayi tana washe haƙora. Ita kam har 'yan cocinsu ta kawo su gani. Ni aka ɗauke. Aka ba ni takardar tuhuma a kan lalata kayan baƙi, na amsa da layi biyu. Bayan ita sai takardar canjin wurin aiki zuwa Yolde Kohi daga farkon wata mai kamawa. Daga gidana zuwa can sai an sauya abin hawa, kuma kowa ya san ba don ƙwarewata aka zaɓe ni ba. Hedimasta da kansa ya miƙo mini, yana kallon tebur. Ya ce, “Baiwata, taurin kanki ya ja miki.” Na ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, na ji, ya dai kula mini da ajina.

Ƙyallen kuwa a ranar da na yanke shi na ɗora a ka na kai kango. Na ajiye a gaban uban, na ce ga shi, nasa ne, ya ƙona ko ya binne, babu sauran mai gani. Na zauna ina jiran ya ce gobe za ta dawo. Bai ko taɓa shi ba. Ya ce, “Usoko, na gode, Malama, kin yi abin da 'yar mutunci za ta yi. Amma an riga an gani.”

A nan ne raina ya ɓaci fiye da yadda ya ɓaci a bakin get. Na manta a gidan wa nake, na manta ya girme ni. Na ce, “Bappa, an gani, sai me? An kore maka shanu, ba yadda za ka yi. Wannan kuwa kai da hannunka za ka kore. Yarinyar nan kanta ya fi garken da ka rasa. Za ka zaunar da ita bayan buhu don mai shayi ya yi magana? Kunyar nan taka ce ko tata? In taka ce, ka ɗauki abarka ka riƙe, kai babba ne. Kada ka ɗora wa 'yar shekara goma.”

Uwar ta rufe baki da mayafi. Shi kuma ya dubi ƙasa, sannan ya ce rana ta yi, kada in rasa abin hawa. Korar mutunci ke nan. Na tashi na fito ina huci, ina tafe ina cewa na ɓata komai, na rasa ajina, ita ma na rasa ta. Na yi kuka a cikin Keke, mai Keken yana leƙena ta madubi, na ce ya kalli gabansa.

Satina na ƙarshe a makarantar ya zo. Ina tattara 'yan littattafaina, yara suna ta tambaya wai da gaske ne zan tafi. Ranar Laraba, Madam ta shigo da bokitin dafa-duka an fara zubawa, sai aji ya yi tsit. Na juya. Yarinyar ce a bakin ƙofa, da yunifom ɗinta a wanke, da jakar buhu a kafaɗa.

Na je na tsaya kusa da ita na tambaye ta a hankali ko babanta ya san ta zo. Da Hausa ta amsa, yadda kowa zai ji.

“Shi ya rako ni har kwana. Ya ce in gaya wa Malama, bakinshi ba kyau.”

Bakina yake nufi. Na ce na ji, a gaya masa na gode. Madam ta cika faranti har yana zuba ta miƙo mata. Na nuna mata sito da ido, har na ce na sa an toshe tagar da kwali. Ta girgiza kai.

“A can aka sace ni,” ta ce.

Ta wuce bencinta. Wanda ya cinye mata wuri ya matsa. Ta zauna, ta ajiye farantin a kan tebur, ba a cinya ba. Ta ɗauki cokali. Ta cika shi. Duk ajin ya daina ci, ido ya koma kanta. Daga baya wani ya ce, “Ga mai hoto,” wasu suka ƙyalƙyale. Cokalin ya tsaya a tsakanin faranti da baki, bai ci gaba ba, bai koma ba. Na ga idonta ya fara kawo ruwa.

Na san in na daka musu tsawa za su sunkuyar da kai, amma za su ci gaba da kallo ta gefen ido, gobe kuma ba na nan. Sai na ce, “Madam, zuba mini.”

Madam ta ce, “Ke? Tun da na zo nan ko ruwa ban ga ka sha ba.”

Na ce ta zuba dai, ta cika.

Na ɗauki farantin na ratsa tsakiyar aji. Na ce wa na kusa da yarinyar ya tashi, na cusa kaina a bencin yara, gwiwoyina suna tokare da tebur. Ban dube ta ba. Na cika cokali na kai baki, a gaban ɗalibaina, da Madam, da saurayin ƙungiya da ya zo wucewa ya tsaya a taga. Kunya ta rufe ni tun daga ƙafa har fatar kai, kunnuwana suka yi zafi kamar an murɗe su. Na tauna da ƙarfi yadda kowa zai gani, na sake cikawa. Yanzu duk idon ya dawo kaina, ana ta ƙus-ƙus, Malama tana ci, Malama tana ci. A gefena na ji ƙarar cokali ya taɓa faranti, sau ɗaya, sannan ya sake.

A loma ta uku barkonon Madam ya sarƙe ni. Na kama tari, hawaye na zuba, shinkafa ta tsaya mini a wuya ta ƙi gaba ta ƙi baya. Yarinyar ba ta ɗago ba, ba ta daina taunawa ba. Ta sa bayan hannu ta turo mini kofin ruwanta.